Yadda ake samun satifiket da lasisin yin tatun gyaran fata na asibiti

Bari in fara da abin da yake ruɗa mutane da yawa, shi ne ɗauka da ake yi cewa da zarar an yi kwas ɗin kwana uku an karɓi takarda mai hatimi an rataye a bango shikenan an zama ƙwararre. Ba haka ba ne sam. Takardun wannan sana'a kala uku ne kuma kowacce aikinta daban: akwai satifiket ɗin da makaranta take ba ki wanda yake nuna kin koya, akwai lasisi ko rajista daga hukuma wanda shi ne yake ba ki izinin taɓa fatar mutum da allura, sai kuma shaidar ƙungiyar masu sana'a wadda ba dole ba ce amma tana ƙara miki daraja. In kin rasa ta biyun, to ko satifiket goma gare ki aikinki haramtacce ne a duk inda doka take neman lasisi. Zan riƙa cewa "ke" ne saboda sauƙin magana, amma maza ma duk abin da zan faɗa ya shafe ku.

Shi tatun asibiti ai ba irin wanda ake yi don ado ba ne. Aikin shi ne a saka launi a cikin fata don a mayar wa mutum wani abu da ciwo ko tiyata ko gobara suka ɗauke masa, kamar zana kan nono da da'irar da ke kewaye da shi ga matar da aka cire wa nono saboda kansa, ɓoye tabon tiyata ko na ƙuna, gyara layin leɓe ga wanda aka haifa da tsagaggen leɓe aka yi masa ɗinki, zana gira ga wanda gashinsa ya zube, ɗiga ƙananan ɗigo a fatar kai su yi kama da tushen gashi, da cike wuraren da cutar vitiligo ta mayar fari. Duk waɗannan fata ce da ta riga ta sha wahala, shi ya sa nake ganin duk wanda ya shigo ta bayan gida ba ƙaramin zalunci yake yi ba.

Mataki na farko, kafin ki biya wa kowace makaranta ko sisi

Ki fara gano wace hukuma ce take kula da wannan aiki a inda za ki yi shi, ki tuntuɓe su kai tsaye, kuma ki nemi amsa a rubuce. Babu wani lasisi guda ɗaya da yake aiki a duk duniya, duk makarantar da ta ce miki satifiket ɗinta ana karɓarsa a ko'ina to ki yi hattara da ita. Dokokin sun sha bamban ƙwarai. A Amurka kowace jiha da nata tsarin, wani lokaci ma kowace gunduma. A Kalifoniya, ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 2012, sai kin kai shekara 18, kin yi rajista da hukumar lafiyar gundumarki, kin nuna shaidar horo kan cututtukan da ake ɗauka ta jini, kin kuma nuna kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ko kin sa hannu cewa kin ƙi, kuma duk shekara ake sabunta rajistar. Jihar Oregon kuwa ta fi tsanani, tana neman awa 360 na horo da aiki 50 da kika kammala a kan mutane kafin ki zauna jarrabawar lasisi.

A Ingila rajista ake yi da ƙaramar hukuma, kuma abu biyu ake yi wa rajistar, ke kanki da wurin da kike aiki, wannan ya samo asali ne daga dokar 1982 wadda aka faɗaɗa a 2003 ta haɗa da saka launi a fata. Landan tana da nata tsarin lasisi daban. Yankin Wales ya ƙara gaba, tun 29 ga Nuwamba 2024 lasisi ya zama dole, sai kin ci kwas ɗin hana yaɗuwar cuta mataki na 2, kuma lasisin shekara 3 yake yi. A Faransa akwai horon tsafta na awa 21 cikin kwana uku, sannan ki sanar da hukumar lafiya ta yankin kafin ki fara. A Japan kuwa, duk da cewa kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2020 cewa mai zanen tatu na ado ba ya buƙatar lasisin likita, kwalliyar dindindin irin ta gira da leɓe har yanzu aikin asibiti ake ɗaukarta, likita ne zai yi ko nas a ƙarƙashin likita. Kin ga kenan aiki ɗaya, wani wuri kwas ɗin kwana uku ya isa a fara maganar izini, wani wuri kuma sai kin yi karatun aikin jinya.

Tambayoyin da za ki yi musu ba su da yawa: shin ni zan yi lasisi ko wurin aiki ko duka biyun, awa nawa na horo kuke nema, waɗanne makarantu kuka amince da su, akwai jarrabawa, sai an sa likita ya riƙa duba aikina, kuma an yarda in shafa wa mutum maganin kashe zafi ko kuwa sai likita ya rubuta. Wannan ta ƙarshen mutane suna mantawa da ita alhali tana jefa su cikin matsala, domin man kashe zafi irin lidokain magani ne, kuma a wurare da yawa akwai iyakar ƙarfin da wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai iya amfani da shi.

Na biyu, horo kan cututtukan jini da rigakafi

Wannan kusan duk inda ake da doka sai an neme shi, kuma shi ne mafi sauƙin samu amma dan Allah kada ki yi shi don takarda kawai. A Amurka tushensa ƙa'idar hukumar OSHA mai kare lafiyar ma'aikata ce ta 1991, wadda ta ce a riƙa maimaita horon duk shekara, kuma mai ɗaukar ma'aikata dole ya ba su rigakafin ciwon hanta B kyauta. Dalilin yana da ƙarfi. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ciwon hanta B ta soke wanda bai yi rigakafi ba, yiwuwar ya kamu tana tsakanin kashi 6 zuwa 30 cikin 100, ta ciwon hanta C wajen kashi 1.8, ta ƙanjamau wajen kashi 0.3. Sannan ƙwayar cutar hanta B tana iya yin kwana 7 ko fiye a busasshen jini a kan tebur tana nan da ranta. Rigakafin da aka saba allura uku ne, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, shi ya sa nake cewa ki fara shi da wuri tun kafin ki shiga makaranta, kar ki gama komai ki zo kina jiran allura ta uku.

A cikin horon za ki koyi wanke hannu yadda ya kamata, sa safar hannu da cire ta ba tare da kin gurɓata fatarki ba, naɗe injin tatun da wayarsa da leda, zubar da allura a akwatin da ba ya hudawa, da abin da za ki yi nan take idan allura ta soke ki. Yanzu yawanci allurar da ake amfani da ita sau ɗaya ce a yar, amma in kina da wani ƙarfe da ake maimaitawa to sai tukunyar tururi ta asibiti, wadda zafinta yake kai maki 121 a ma'aunin Celsius na tsawon aƙalla minti 15 ko maki 134 na minti 3, kuma hukuma za ta so ta ga littafin da kike rubuta gwajin tukunyar. Tafasa ƙarfe a ruwa ko goge shi da sifirit ba ya wadatarwa. Ki haɗa da kwas ɗin taimakon gaggawa, saboda mutane suna suma a kan gadon aiki, wani kuma jikinsa ya ƙi maganin kashe zafi.

Na uku, kwas ɗin tushe

A nan ne nake so in daɗe, don nan ake asarar kuɗi da lokaci. Ba a fara wannan sana'a da aikin asibiti. Ana farawa ne da tushe, wato gira da leɓe da layin ido a kan lafiyayyar fata, sai hannu ya faɗa sannan a matsa gaba. Ƙungiyar SPCP ta masu sana'ar kwalliyar dindindin a Amurka, wadda aka kafa a 1990, tana ɗaukar awa 100 a matsayin mafi ƙarancin horon tushe, a Birtaniya kuma abin da aka fi sani shi ne satifiket mataki na 4 wanda hukumomin jarrabawa irin su VTCT suke bayarwa ƙarƙashin kulawar Ofqual, hukumar da take sa ido kan jarrabawa da satifiket a Ingila. Ki lura da kyau, akwai bambanci tsakanin satifiket ɗin da hukumar jarrabawa mai zaman kanta ta tantance da wanda malamar ta buga da kanta a kwamfuta ta sa hannu, dukkansu suna da kyau a ido amma kamfanin inshora da hukuma sun san bambancin.

Kwas mai kyau dole ya koya miki yadda fata take hawa-hawa. Launin ana ajiye shi ne a saman hawa na biyu na fata, zurfin bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba gwargwadon wurin, in ya tsaya a sama sosai zai fita tare da fatar da take saɓulewa cikin 'yan makonni, in kuma ya nutse da yawa sai ya bazu ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka kuma ya bar tabo. Wannan ba a koyonsa a bidiyo, hannu ne yake ji, sai malama tana tsaye a kanki tana cewa rage, ƙara. Dole kuma ya koya miki ilimin launi, yadda launin da ke cikin kwalba yake canzawa idan ya warke a ƙarƙashin fata, da ma'aunin Fitzpatrick na 1975 da ya kasa fata gida shida daga mafi haske zuwa mafi duhu. Ki tambayi makarantar kai tsaye ko suna koyar da aiki a kan fata mai duhu, nau'i na 5 da na 6, domin wannan fatar tana saurin yin baƙi a inda aka ji mata rauni kuma ta fi saurin yin tabo mai kumbura wanda ake kira keloid, wanda ya koya a farar fata kaɗai zai yi ɓarna bai ma sani ba.

Kafin ki biya, ki nemi ganin lasisin malamar da shekarun da ta yi tana aiki, ki tambayi ɗalibai nawa ne a aji, mutum nawa za ki yi wa aiki da hannunki a gabanta, sannan ki ce a nuna miki hotunan aikin da ya warke, na bayan mako shida ko takwas. Hoton da aka ɗauka ana gama aiki kowa nasa yana kyau. Kwas ɗin intanet zalla yana da amfani wajen karatu, amma ni ban yarda ya zama shi kaɗai ba, kuma hukumomi da yawa ma ba sa karɓarsa a madadin aikin hannu.

Bayan kwas ɗin sai ki mayar da takardunki hukuma ki karɓi lasisi ko rajista, mai duba tsafta zai zo ya ga wurin, zai duba wurin wanke hannu mai ruwan famfo, ƙasa da gadon da ake iya gogewa, yadda kike zubar da sharar da ta taɓa jini, da takardun yarda da kike ba mutane su sa hannu. Wannan ɓangaren ba wuya in kin shirya.

Na huɗu, ki yi aiki tukuna, sannan ki je kwas ɗin asibiti

Shawarata ki yi aƙalla shekara guda kina aikin tushe, kina ajiye littafin duk wanda kika yi wa, launin da kika sa, lambar kwalbar, allurar da kika yi amfani da ita, hoto kafin da bayan warkewa. Makarantun kirki na aikin asibiti za su nemi wannan kafin su ɗauke ki, wadda ba ta tambaye ki komai ba sai kuɗi, kin san amsar.

Kwas ɗin asibiti shi ma kashi-kashi ne, na nono daban, na tabo daban, na fatar kai daban, kuma kowanne ki nemi takardarsa domin inshora abin da aka rubuta a takarda kaɗai take rufewa. Babban abin da za ki koya a nan ba zane ba ne, sanin lokacin da za ki ce a'a ne. Tabo ba a taɓa shi sai ya nuna, yawanci sai ya shekara ko fiye, ya daina ja ya kwanta. Bayan tiyatar sake gina nono ana jira wata uku ko fiye, kuma sai likitan tiyata ya ba da izini a rubuce, musamman in an gasa wurin da hasken maganin kansa saboda fatar ta zama siririya tana jinkirin warkewa, ga kuma wata tana da roba a ƙarƙashin fatar, wata kuma ba ta jin komai a wurin don haka ba za ta iya gaya miki kin nutsa da yawa ba. Mai vitiligo sai cutar ta tsaya cik ta daina yaɗuwa na dogon lokaci, domin rauni a fata yana iya tayar da sabon fari a daidai inda allura ta bi. Mai yin keloid, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai juna biyu, wanda yake kan maganin kansa a halin yanzu, duk waɗannan sai an koma wa likita. Mai yawan fitar da ƙurajen zazzaɓi a leɓe kuma aikin leɓe yana tayar masa da su, likita ne zai rubuta masa maganin kariya kafin ranar.

Sannan ki san iyakarki, satifiket ɗin tatun asibiti bai mayar da ke ma'aikaciyar lafiya ba. In kin ga wani tabo ko tawadar Allah da ta canza kama a wurin da za ki yi aiki, ba naki ba ne ki ce ba komai, kuma kada ki rufe shi da launi, ki tura mutum asibiti. Nas da likitoci da suke son shiga wannan aiki su ma lasisinsu na asibiti bai koya musu riƙe inji ba, sai sun yi horon, kuma su tambayi hukumarsu ko aikin yana cikin abin da aka yarda su yi.

Akwai wani ɓangare da ba kasafai ake rubuta shi a manhaja ba amma wallahi yana da nauyi. Matar da ta zo a zana mata kan nono ta shafe watanni ko shekaru tana fama da tiyata da magani, wannan zaman naki sau da yawa shi ne na ƙarshe a doguwar tafiyar, wata tana kallon madubi za ta fashe da kuka. Ki koyi yadda ake rufe mutum da zane a bar wurin aiki kaɗai a buɗe, yadda ake neman izini kafin a ɗauki hoto, da cewa hotonta ba ya hawa shafinki sai ta sa hannu a takarda daban.

Na biyar, tawada da inshora da shaidar ƙungiya

Mai duba aiki zai iya ɗaukar kwalbar tawadarki ya juya ta, don haka ki san me ke ciki. A Tarayyar Turai tun 4 ga Janairu 2022 aka taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu da ta kwalliyar dindindin, aka ƙara wasu launuka biyu, shuɗi da kore, a Janairun 2023. A Amurka kuma hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ba ta amince da ko launi ɗaya don a tsira shi cikin fata ba, saboda haka duk mai sayar da tawada da ya ce miki FDA ta amince da tasa ba gaskiya ya faɗa ba. Tawadar da ba a buɗe ba ma tana iya zuwa da cuta, a 2012 an ba da rahoton mutum 19 a jihar New York da suka kamu da ciwon fata daga wata tawada mai ruwan toka da aka sirka tun daga kamfani. Shi ya sa rubuta lambar kwalba yake da muhimmanci, kuma ba a sirka tawada da ruwan famfo. Ki kuma riƙa gaya wa mutane cewa launukan da suke kama da fata galibi suna ɗauke da sinadarin ƙarfe ko farin titaniyam, kuma in an zo goge su da hasken leza suna iya komawa baƙi maimakon su fita, sannan in za a saka su a na'urar hoton MRI su faɗa wa ma'aikatan cewa suna da tatu.

Inshora kala biyu za ki nema, wadda take rufe kuskuren aiki da wadda take rufe haɗarin da ya samu mutum a wurinki. Ki karanta takardar layi-layi ki tabbatar an ambaci aikin tabo da na nono da sunansu, yawancin inshorar kwalliya ba ta haɗa da su sai an ƙara. Asibitoci ba sa tura majinyata ga wanda ba shi da ita.

Shaidar ƙungiya kuwa, irin jarrabawar CPCP da SPCP take shiryawa ko ta AAM, wata ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, zaɓi ne, ba ta maye gurbin lasisi, amma idan kika je wurin likitan tiyata kina neman ya riƙa turo miki mutane tana taimakawa, tare da littafin aikinki da hotunan da suka warke. A Amurka ma akwai dokar 1998 da ta tilasta wa inshorar lafiyar da take biyan kuɗin cire nono ta biya na sake gina shi, kuma tatun gyara launin fata yana da lambobinsa na biyan kuɗi, 11920 zuwa 11922, sai dai samun biyan ya fi sauƙi idan aikin ya bi ta ofishin likita.

Abu na ƙarshe shi ne ranakun ƙarewa. Ki buɗe fayil guda ki zuba komai, lasisinki, na wurin aiki, takardar horon cututtukan jini, katin rigakafi, taimakon gaggawa, inshora, yarjejeniyar masu kwashe shara, ki rubuta ranar da kowanne zai mutu a kalandar wayarki da tunatarwa wata biyu kafin lokacin. In za ki koma wata jiha ko wata ƙasa kada ki ɗauka lasisinki zai bi ki, ki rubuta wa hukumar can tun kafin ki tashi, ki tura musu takardar makarantarki mai nuna adadin awannin da kika yi na karatu da na aikin hannu daban-daban, don ita za su fara nema, kuma tun ranar da kika gama kwas ya kamata ki karɓe ta saboda makarantu suna rufewa.